Kallon kifin wel da sauka a tsibirin da ba kowa: tambayoyin da Kanawa ke yi

Tsakanin Kano da bakin teku akwai tafiyar kusan kilomita 1,000. Ruwan da yawancinmu muka sani shi ne na Tiga da Chalawa da Bagauda, sai kududdufan damina. Amma 'yan shekarun nan tambaya ta yawaita a kan fita teku don kallon kifin wel da sauka a tsibiran da babu mazauna, musamman daga 'yan kasuwar da suka saba zuwa Kwatano da Dakar, da iyaye masu neman inda za su kai yara hutu wanda ba kantuna da dogayen gine-gine kaɗai ba. Ga tambayoyin da aka fi yi mini, da amsar da nake bayarwa.

Malam, shi wel ɗin nan kifi ne ko dabba?

A ruwa yake rayuwa, amma da huhu yake numfashi. Dole ya riƙa tasowa ya shaƙi iska ta hancin da ke tsakar kansa, in ba haka ba ya nutse ya mutu. Ba ya ƙwai. Macen tana ɗaukar ciki, ta haihu, ta shayar da ɗanta nono. Wannan numfashin ne ma ya sa ake iya kallonsa daga jirgi.

Iri-iri ne. Mafi girma shi ne shuɗin wel, wanda kan kai tsawon mita 30, kuma ba a san wata dabba da ta taɓa fin shi nauyi a duniya ba. Wanda aka fi gani a tekun da ke kusa da mu shi ne mai doro. Tsawonsa mita 12 zuwa 16, nauyinsa kan kai tan 30, wato kamar tirela da lodinta. Fuka-fukan gefensa kan kai mita 5, kuma shi ne gwanin tsalle, shi ya sa yawancin bidiyon da ke yawo a wayoyi nasa ne.

Sai an je Turai ko Amurka ake ganinsa?

A'a, kuma wannan ne abin da na fi so mutanenmu su sani. Mashigin tekun Gini, wanda Legas da Kwatano ke bakinsa, ɗakin haihuwar wel mai doro ne. Suna cin abinci a ruwan sanyi na Antaktika, can ƙarshen kudancin duniya, inda ƙananan jatan lande suka yi yawa, su yi ƙiba, sannan su kamo hanyar dubban kilomita zuwa ruwanmu mai ɗumi don barbara da haihuwa. Gabon ta yi suna a wannan, haka ma Sao Tome da Principe, ƙasar tsibirai biyu da ke kudu da Najeriya. Daga Kwatano ma akan shirya fita a lokacinsu.

Ta yamma akwai Cape Verde, a tsibirin Boa Vista, wajen garin Sal Rei. Su na can daban ne: daga arewa suke zuwa, daga ruwan Iceland da Norway, kuma ba su wuce 'yan ɗaruruwa ba. Mai son nisa sai Hermanus a Afirka ta Kudu, kimanin kilomita 120 daga Cape Town, inda wani nau'in wel marar ƙaya a gadon baya ke matsowa gaɓa har a gan shi daga kan duwatsu ba tare da an shiga jirgi ba. Garin har da mai shela yake da shi, wanda ke busa ƙaho in an hango su. Ga dattijo ko mai tsoron ruwa, nan nake fara ambata.

Wane lokaci ya kamata in tafi?

Kada ka fara da ranar hutunka, fara da lokacin zuwansu. A Gabon da Sao Tome daga Yuli ne zuwa Oktoba, wato lokacin daminarmu, kuma ya dace da dogon hutun makaranta na Agusta. A Boa Vista daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafin bazara ke gasa Kano. A Hermanus daga Yuni zuwa Nuwamba. Wanda ya je Sao Tome a Janairu zai ga teku mai kyau, amma su wel sun riga sun koma kudu.

In na biya kuɗina, tabbas zan gani?

Babu mai iya ba ka wannan tabbaci, kuma duk wanda ya rantse maka da shi ka yi hattara da shi. Mun saba da Gidan Zoo, inda dabba ke cikin keji tana jiran mai tikiti. A teku kai ne mai jira. Ana iya fita awa uku ba a ga komai ba sai tsuntsaye da kifaye masu tashi, washegari kuma a ga uwa da ɗanta tun ba a yi nisa ba.

Dabara ɗaya ce: ka ware kwanaki, kada ka ɗora komai a kan fita ɗaya. Ka sa fitar a farkon zamanka, don in iska ta hana ko ba a dace ba, a samu damar sakewa. Wasu masu jirage kan ba da fita ta biyu kyauta ko da ragi in ba a ga komai ba. Ka tambaya tun kafin ka biya. Fitar safe ta fi, ba don wel ya fi fitowa da safe ba, sai don ruwa ya fi kwanciya, ido ya fi hangowa.

Ni a ganina jiran nan ba asara ba ne. Wanda ya tsaya shiru yana duban ruwa har ya gaji, sannan bayan dabbar ya ɓullo, ya fi wanda aka kai shi ya tarar sanin girman abin da ya gani.

To, me ido ke gani in an dace?

Da fari hucin numfashi. Can nesa za ka ga wani farin feshi ya tashi kamar mita 3 ya watse. Ɗan jagora zai nuna da hannu, matuƙi ya rage wuta. In kun matso kuma injin ya yi shiru, za ka ji ƙarar fitar iskar da kunnenka, mai ƙarfi, mai zurfi, in iska na kaɗowa ta wajenku har warinta za ka ji, warin ƙarni. Sai baƙin baya mai sheƙi ya ɓullo, ya yi ta wucewa a hankali har ka fara tambayar kanka ina ƙarshensa. Ya yi haka sau uku ko huɗu, sannan ya lanƙwasa doro, ya ɗaga jela sama ruwa na zuba daga gefunanta, ya nutse. Daga nan sai jiran minti 5 zuwa 15.

Ka lura da ƙarƙashin jelar. Zanen fari da baƙi da ke wurin kowane da nasa, da shi masu bincike ke gane wannan daga wancan, har su san wanda aka gani a Gabon ne aka sake gani a wani ruwan.

Abin da ya fi taɓa zuciya shi ne uwa da jariri. Ana haihuwarsa da tsawon mita 4 zuwa 5, bayan cikin wata 11 ko sama da haka. Shi ba ya iya daɗewa a ƙasa, don haka za ka ga ƙaramin feshi sau da yawa kusa da babban. Yakan hau kan uwar ya zame, ya bugi ruwa da fiffike. Ita kuwa duk watannin da take ruwanmu kusan ba ta cin komai. Kitsen da ta tara a kudu shi take narkarwa ta yi nono. Wasu jiragen na da na'urar sauraron ƙarƙashin ruwa. In an saka ta za ka ji waƙar mazan, doguwar murya mai hawa da sauka da suke maimaitawa, kuma duk mazan yanki ɗaya salo ɗaya suke bi.

Tsalle kuwa kyauta ce. In ya zo, kada ka ɓata shi wajen lalubar waya.

Ba ya kifar da jirgi ko ya haɗiye mutum?

Mai doro ba shi da haƙora. Wasu faifai masu gashi ne a bakinsa da yake tace abinci da su, kuma maƙogwaronsa bai isa mutum ya wuce ba. An samu lokutan da ya ɗauki mutum a baki bisa kuskure yana cikin cin abinci, kamar wani mai nutso a gaɓar Amurka a 2021 da wani matashi cikin ƙaramin kwale-kwale a Chile a 2025, kuma duka biyun ya tofar da su nan take da ransu. Ƙissar Annabi Yunusa (AS) mu'ujiza ce, ba a auna ta da wannan.

Hatsarin gaske daga kusanci yake zuwa. Dabba mai tan 30 in ta juya ko ta buga jela kusa da ƙaramin jirgi, ba sai ta yi niyyar cutarwa ba.

Me ya sa matuƙi ke ƙin matsawa? Mu fa hoto muke so.

Wannan matuƙin shi ne na kirki, kada ka matsa masa, kada ka yi masa tayin ƙarin kuɗi. A wurare da yawa ƙa'ida ita ce a tsaya nesa da mita 100, Afirka ta Kudu ma mita 300 ta sa wa jirgin da ba shi da lasisi. Ba a tarar gabansa, ba a binsa ta baya, ba a shiga tsakanin uwa da ɗa. Uwar da ake kora da inji tana ƙona ƙarfin da ba ta da hanyar mayarwa sai ta koma Antaktika, ɗan kuma yana rasa lokacin shan nono. Farfela na yanka bayansu, akwai masu yawo da tabon har mutuwa.

Ka tuna da ƙyar suka tsira. A ƙarnin da ya wuce jiragen farauta sun kashe wel kusan miliyan 3 don mai da nama, har da ruwan Gabon. Hukumar kula da farautar wel ta duniya, wadda aka kafa a 1946, ta yanke hana farautar kasuwanci a 1982, dokar ta fara aiki a 1986. Masu doro sun farfaɗo sosai tun daga nan. In aka kashe inji aka yi haƙuri, sau da yawa su da kansu suke matsowa su duba jirgin.

Ban iya ruwa ba. Zan iya zuwa?

Za ka iya, da sharaɗin rigar kariya daga nutsewa, a jikinka, a ɗaure, tun daga gaɓa. Mu Kanawa ba ma buƙatar a yi mana dogon bayani. Ba mu manta da Bagwai ba, a Nuwamban 2021, inda jirgin da aka cika fiye da kima ya kife, aƙalla mutum 29 suka rasu, yawancinsu 'yan Islamiyya masu zuwa Maulidi. Kafin ka taka jirgi ka ƙirga rigunan, ka tambayi adadin mutanen da aka yarje masa, ka ga akwai rediyon kiran gaɓa. In za ka je da yara, ka tabbata akwai riga daidai jikinsu, domin ta manya zamewa take yi ta kan yaro. In babu, ka fasa, ko da ka riga ka biya.

Jiri da amai fa?

Suna kama har matuƙan jirgi. Kunnenka na ciki yana jin motsi, idonka da ke kallon benci ko waya yana cewa babu motsi, sai ciki ya rikice. Ka zauna tsakiyar jirgi inda iska ke kaɗawa, nesa da hayaƙin inji, ka kafa ido can inda sama ta haɗu da ruwa. Ka ci abu kaɗan marar maiƙo kafin fita. Citta na taimaka wa wasu. Akwai ƙwayoyin hana jirin tafiya a kemis, ana sha kafin a hau, ba bayan amai ya fara ba, kuma suna sa barci. Mai juna biyu da mai hawan jini su fara ganin likita.

Yaya salla da alwala a teku?

Ruwan teku mai tsarki ne. Hadisin yana cikin Muwaɗɗa: an tambayi Manzon Allah (SAW) game da shi, ya ce ruwansa mai tsarkakewa ne, mushensa halal ne. Guga da igiya sun wadatar, ka bar ruwan sha don sha. Ana salla a jirgi, a tsaye in za a iya, a zaune in tangaɗi ya hana. Manhajar alƙibla na aiki ko babu sabis a wayoyi da yawa, in kuma ta ƙi, matuƙi na da kamfas. Yawancin fitar awa uku zuwa huɗu ce, wanda ya fita bayan Asuba zai dawo kafin Azahar. Maganar ƙasaru da haɗa salloli ka zauna da malaminka kafin tafiya. Lokacin hawa kuma ga addu'ar Annabi Nuhu (AS) a Suratu Hud: Bismillahi majreha wa mursaha.

Tunda mushen teku halal ne, ana cin namansa?

Ta fuskar shari'a akwai labarin rundunar Abu Ubaida ɗan Jarrah (RA), su 300, da yunwa ta kai su ga cin ganye, sai teku ta jefo musu wata ƙatuwar dabba da ake kira anbar. Suka yi ta ci kwanaki masu yawa. Abu Ubaida ya kafa haƙarƙarinta, mutum a kan raƙumi ya wuce ta ƙarƙashi. Da suka dawo Madina, Annabi (SAW) ya ci daga abin da suka rage. Buhari da Muslim duk sun kawo shi.

Amma halaccin abu bai sa kowane mushe ya zama lafiyayye ba. Wanda teku ta jefo, irin waɗanda akan gani a gaɓar Bayelsa mutane na yanka, ba a san me ya kashe shi ba ko tun yaushe, kuma kitsensa na riƙe zafi ya ruɓar da cikin da wuri. Ɗauko nama ko ƙashinsa a tsallaka iyaka kuma laifi ne. Masu turare su ma su kula: anbar na asali daga hanjin wani wel mai haƙora yake fitowa, kuma ƙasashe irin su Indiya da Amurka da Ostareliya sun haramta cinikinsa.

Abincin yau da gobe ba matsala, kifi ya wadata. Sai dai a Cape Verde ka tambaya kafin ka ci kacupa, faten masara da wake da suke ji da shi, don sau da yawa da naman alade ake yi. Akwai na kifi.

Shi kuma tsibirin da ba kowa, me ake zuwa gani?

Mafi sauƙin kai wa ga Bakano shi ne tsibiran Madeleine, kimanin kilomita 4 daga Dakar, waɗanda Senegal ta mayar gandun ƙasa a 1976. Daga bakin ruwan Soumbedioune ake hawa kwale-kwale. Ana shiga ta wata 'yar kafa tsakanin baƙaƙen duwatsu, a sauka a wani lungu mai ruwa garai-garai. Abin da zai fara tsayar da kai kuka ce. Kukar da ka sani, ganyenta da 'ya'yanta, amma iskar teku ta hana ta tashi, sai ta yi kauri ta kwanta tana bin ƙasa, rassanta a miƙe gefe. A ramukan duwatsu kuma akwai wani farin tsuntsu mai jan baki da dogayen gashin jela biyu, yana kwance kan ƙwai ɗaya tak, yana kallonka bai motsa ba. Ka juya ka hango benayen Dakar, amma ba ka jin komai sai ruwa da kukan tsuntsaye.

A Cape Verde, cikin tsibirai 10, tara ne ke da mutane. Na goman shi ne Santa Luzia: busasshe, ba inuwa, ba ruwan sha, sai doguwar gaɓa mai farin yashi. Daga ƙauyen masunta na Calhau a tsibirin Sao Vicente ake zuwa, mashigin na da raƙuman ruwa, kuma ana buƙatar izini. Ka sani Boa Vista da Sao Vicente ba kusa suke ba, sai an sake hawa jirgin sama ko na ruwa. A Sao Tome abin ya fi haɗuwa wuri ɗaya, don ga wel ga ƙananan tsibirai kamar Cabras, wanda fitilar jiragen ruwa kawai ke kansa.

Tunda ba mai shi, me ya kawo dokoki haka?

Da masu shi: tsuntsaye da kunkurun teku da ƙadangaru waɗanda wasu ba a samunsu ko'ina sai nan. Tsuntsun tsibiri a ƙasa yake ƙwai domin bai san ɓera ko kyanwa ba. Ɓera ɗaya mai ciki da ta sauka daga jirgi ta isa ta ƙarar da su. A Santa Luzia sai da aka yi aikin kawar da kyanwoyin da mutane suka bari, aka kuma mayar da wani ɗan tsuntsu daga tsibirin Raso a 2018, wanda kafin nan a Raso kaɗai ya rage a duniya. Shi ya sa ake duba jaka, ake goge takalmi.

Ka bi sawun ɗan jagora, don ƙafa ɗaya na iya rusa ramin da ke da ɗan tsako. In tsuntsu ya tashi daga sheƙa saboda kai, rana na iya dafa ƙwan kafin ya dawo. Kada ka yar da ƙwallon dabino ko na goruba, iri ne. Kada ka ɗebo katantanwa don tsaraba, ƙananan ƙaguwa ne ke shiga cikinsu su yi gida. Leda kuwa ko ɗaya kada ta faɗi: kunkurun teku na haɗiye ta a zaton abinci, ta toshe masa hanji.

Ana kwana a can?

A yawancinsu a'a. Da rana ake zuwa, a dawo kafin ruwa ya sauya. In matuƙi ya ce a tashi, a tashi.

Alhaji da Hajiya, wane kaya za su sa?

Babbar riga da hula su zauna a masauki. Iska za ta cika rigar, hular kuma ta tafi. Riga mai dogon hannu, wando da za a iya naɗewa, da malafa mai igiya. Sau da yawa babu gada a tsibiri, cikin ruwa zuwa gwiwa ake dira, sannan a taka duwatsu masu kaifi da santsi, don haka takalmi mai maɗauri, ba silifa ba. Hajiya ta sa wando a ciki, da hijabin da bai wuce gwiwa ba, ta soke shi ƙarƙashin rigar kariya, domin dogon hijabi da zani suna kama tsani kuma suna nauyi in sun jiƙe. Kada ka ce ai ka saba da ranar Kano: ta teku daga sama da daga ruwa take duka, iska kuma na ɓoye zafinta. Ruwan sha mai yawa, tabarau, da jakar roba don waya da fasfo.

Ba a ce akwai 'yan fashi a wannan teku ba?

Akwai, kuma abin ya yi muni a 2020, lokacin da aka sace ma'aikatan jirage 130 a mashigin Gini. Ya ragu ƙwarai tun daga 2021. Manyan jiragen kaya da na mai suka fi hari, can cikin teku, su kuwa jiragen kallo kusa da gaɓa suke yawo. Duk da haka kada ka yi ciniki da wani mai kwale-kwale da ka tsinta a bakin ruwa ya kai ka nesa.

Takardu da kuɗi fa?

Fasfo mai sauran aƙalla wata shida, da katin rigakafin shawara, wato yalo kad. Benin da Senegal da Cape Verde duk suna cikin ECOWAS, shigarsu ta fi sauƙi ga mai fasfon Najeriya, amma ka riƙe tikitin dawowa da shaidar masauki, kuma ka binciki ko ana rajista ta intanet kafin isa. Gabon da Sao Tome ba sa cikin ƙungiyar, Afirka ta Kudu kuma sai da biza. Ka tuntuɓi ofishin jakadancinsu da wuri. Daga filin jirgin Malam Aminu Kano yawanci sai ka bi ta Legas ko Abuja, sannan a sauya a Lome ko Accra ko Dakar.

Tikitin jirgin sama da masauki su ne ke cin kuɗin, fitar tekun ita ce ƙaramar. In za ka yi canji a Wapa, ka nemi yuro don Sao Tome da Cape Verde, tunda kuɗinsu a ɗaure yake da shi, sefa kuma don Kwatano da Dakar. Ka tafi da tsaba da ƙananan takardu, don ba kowane bakin ruwa kati ke aiki ba. A can da harshen Fotugal ko Faransanci ake magana, saboda haka ka sa a rubuto maka farashi, da tsawon fitar, da abin da za a yi in iska ta hana tashi, duk a saƙo ɗaya, kafin ka tura ko sisi.